Corrector na Rumawa: Kantoma ne ko Galadima?

Jama'a ku taya ni. Ina rubutu kan daular Rum, na ci karo da muƙamin corrector, na rasa Hausarsa. A Latin tushen kalmar miƙe abin da ya karkace ne. "Mai gyara" na fara rubutawa, sai na ji kamar mai gyaran rediyo nake nufi. Na goge.

Ga aikinsa. A zamanin Sarki Tirajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117 miladiyya, akwai biranen Girka da ake kira 'yantattu, gwamnan lardi ba ya tsoma musu baki. In baitulmalinsu ya rikice, bashi ya yi musu katutu, sai sarki ya turo nasa mutum daga Rum, ya bi lissafi ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita, ya koma gida. Mutanen gari ba su zaɓe shi ba, kujerar kuma ba ta dindindin ba ce.

Da na karanta wa Baffana wannan, ko ɗaga kai daga carbinsa bai yi ba, ya ce, "Kai yaro, ai Kantoma ke nan." Gaskiyarsa. Wanda aka ɗora wa ƙaramar hukuma riƙon ƙwarya ba da ƙuri'a ba, me muke ce masa?

To amma ga inda gizo ke saƙa. A 260 Sarki Shapur na Farisa ya kama Sarkin Rum Baleriyan da ransa, gabashin daula ya zama marayan ƙasa. Uzaina, mai mulkin birnin Tadmur a Siriya ta yau, shi ya tashi ya fatattaki Farisawa har ƙofar babban birninsu. Laƙabin da aka jingina masa shi ne corrector na Gabas baki ɗaya. Bayan an kashe shi ɗansa Wahballat ya ɗauki laƙabin, uwarsa Zanubiya na juya mulki, har Sarki Oreliyan ya murƙushe su a 272.

Kantoma mai rundunar kansa, ɗansa kuma ya gaje shi? Rigar ta yi masa kaɗan. Ni Galadiman Borno na zamanin da ya tuna mini, da yake zaune a Nguru yana riƙe wa Mai, sarkin Borno, yammacin ƙasa, nesa da fada, da dakarunsa. Na san sarautar Galadima tsayayya ce, ta Uzaina kuwa larura ce ta haife ta. Duk da haka ta fi kusa.

Don haka a rubutuna, na birane Kantoma, Uzaina kuma Galadiman Gabas. Malaman tarihi, in akwai gyara ina saurare.