Tuban muzurun Kirman: me ya hana Ubaidu kiran sunan sarki?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum malamaina. Waƙar ɓera da muzuru ta Ubaidu Zakani, mawaƙin Farisa mutumin Kazwin da ya rasu wajen 1370, ta tsaya mini a rai. Muzuru ne a birnin Kirman na ƙasar Farisa ya cinye ɓera, ya wanke hannu da baki, ya shiga masallaci yana kuka yana neman gafara. Wani ɓera da ke laɓe bayan mumbari ya ruga da albishir cewa muzuru ya tuba. Manyan ɓeraye bakwai suka ɗauki gaisuwa suka kai masa, ya cafke biyar a tashi ɗaya, alhali a da ɗaya-ɗaya yake ci. Masana da yawa na cewa da sarki Mubarizuddin yake. Abin da ke ci mini rai: mutanen da aka zalunta ba ɓeraye ba ne, suna da suna da iyali. Ɓoye azzalumi cikin fatar dabba ba tsoro ba ne?

Malam Na-Zaure:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara sanin mutumin. Mubarizuddin Muhammadu ya mallaki Yazd da Kirman, sannan ya ci Shiraz a 1353, ya kori sarkinta Abu Ishaƙ Inju, wanda Ubaidu ya zauna a fadarsa yana yi masa waƙar yabo. Bayan 'yan shekaru aka kashe Abu Ishaƙ. Sabon sarki ya rufe gidajen giya, ya tsananta da sunan addini, amma takobinsa bai huta ba. Mutanen Shiraz suka laƙaba masa Muhtasib, wato mai hisba, kuma Hafiz, shahararren mawaƙin Shiraz, ma da wannan laƙabi yake yi masa habaici a baitocinsa. To muzuru daga Kirman, mai sallah da jini a farce, wa ya rage bai gane shi ba? Mai habaici ya san mai kayansa zai tsinta, kuma sarki ba shi da hujjar kama mawaƙin sai ya amsa cewa shi ne muzurun.

Baban Iman:
Ƙanwata, dubi waɗanda suka kira suna. Mawaƙi Farruhi Yazdi yana matashi ya yi wa gwamnan Yazd waƙar suka, aka ɗinke masa leɓe da zare da allura. Daga baya ya mutu a kurkukun Kasr a Tehran a 1939, zamanin Reza Shah. Mawaƙi Mirzade Ishki ya yi wa shirin Reza Khan (wanda daga baya ya zama Reza Shah) na mayar da Iran jamhuriya zambo, aka bi shi har gida aka harbe shi a 1924, bai wuce shekara talatin da kaɗan ba. Ina girmama su ƙwarai, amma ban yarda a ce wanda ya tsira da harshensa matsoraci ne ba.

Ɗalibar Adabi:
Na gode Malam, na gode Yaya. Labarin Farruhi ya sa ni hawaye. Amma ƙarshen waƙar har yanzu yana yi mini ciwo. Ɓeraye sun tara runduna, sun ci yaƙi, sun ɗaure muzuru sun kai shi gaban sarkinsu. Ana shirin rataye shi sai ya tsinke igiya ya tarwatsa su. Ga talakan da ke saurare, wannan ba karya gwiwa ba ne?

Malam Na-Zaure:
Ni a nan na fi ganin jarumtarsa. Bai sassauta wa ɓeraye ba. Su suka yarda da tuban muzuru don sun ga hawaye a masallaci, su suka kai kansu da goron gaisuwa, kuma manyansu ne suka ja gaba. Ubaidu ya rayu bayan rushewar daular Mongol ta Ilkhan, ya ga sarakuna na kifar da juna, kowa na zuwa da alƙawarin adalci. Shi Mubarizuddin ma ba talakawa suka sauke shi ba, ɗansa Shah Shuja ne ya kama shi ya sa aka makantar da shi a 1358. Da Ubaidu ya ba ɓeraye nasara, da ya yi wa mutanen Shiraz ƙarya kan abin da idonsu ya gani.