Jawabin da ya sa zaure kuka a kan bautar zamani, amma alƙalumansa ba daidai ba: yaya za a auna shi?

Malama daga Kano ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata, kuma a makon jiya ina cikin alƙalai uku da aka ɗora wa yanke hukunci a gasar jawabi tsakanin makarantu, inda aka ba ɗalibai maudu'in bautar zamani da rashin daidaito tsakanin maza da mata. Ɗalibai biyu ne suka tsaya mini a rai, kuma har yau ban samu natsuwa da hukuncin da muka yanke ba.

Ta farko ta hau dandamali ba ta riƙe da takarda. Ta buɗe da labarin wata yarinya 'yar aikatau da ke layinsu, wadda take gani kullum da sassafe tsugune a bakin famfo da tulin kwanukan daren jiya, hannuwanta sun yi furu-furu saboda sanyi, a daidai lokacin da 'ya'yan gidan suke ɗaura takalman makaranta. Kafin ta kai rabi zauren ya yi tsit, na kuma ga iyaye mata suna share hawaye da bakin mayafi. Sai dai a cikin jawabin ta ce mutum miliyan 50 ne ke cikin bauta a duniya, tara daga cikin goma mata ne, mafi yawansu kuma a Afirka suke, sannan ta rufe da cewa duk macen da ke zaune a gidan miji ba ta da sana'ar kanta, baiwa ce. Ta biyun kuwa ta zo da alƙaluma masu tushe, ta faɗi inda ta samo kowanne, amma karanta su ta yi kanta a sunkuye, har mutane suka fara hira a tsakaninsu.

Takardar makin da aka ba mu tana auna murya, da tsayuwa, da ƙwarewar harshe, da kiyaye lokaci, da tasiri a kan masu sauraro, babu gurbin ingancin hujja ko kaɗan, don haka ta farkon ce ta yi nasara da tazara mai yawa. An ba mu damar gyara takardar kafin zagaye na gaba. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin wannan aiki: da me ya kamata mu auna irin wannan jawabi?

Tsohon malami daga Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika damu da abin da alƙalai da yawa ke wucewa ba su duba ba. Na yi shekaru ina alƙalancin muhawarar ɗalibai kafin in yi ritaya, kuma ra'ayina shi ne ingancin hujja ya zama ƙofar da jawabi zai fara bi kafin a zo maganar murya da tsayuwa. Ya tabbata a hadisi cewa lalle a cikin bayani akwai sihiri, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa mai iya magana ya fi kowa buƙatar a bincike shi, domin kuskuren da ya fito daga bakinsa ya fi saurin shiga zukata, ya kuma fi wuyar fita.

Adadin miliyan 50 da ɗalibar ta ambata yana da tushe. Ya fito ne daga rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a watan Satumban 2022 tare da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya da ƙungiyar Walk Free, inda aka ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 27.6 suna cikin aikin tilas, miliyan 22 kuma suna cikin auren dole. Amma tara cikin goma ba ya cikin rahoton. Idan aka haɗa duka, mata da 'yan mata sun ɗan haura rabi ne, kusan kashi 54 cikin ɗari, kuma a ɓangaren aikin tilas maza sun fi yawa. Inda nauyin ya faɗa wa mata shi ne auren dole, wanda su ne fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda ya shafa, da kuma tilasta wa mutum karuwanci, inda kusan huɗu cikin biyar mata ne. Haka nan fiye da rabin masu aikin tilas a yankin Asiya da Pasifik suke, ba a Afirka ba.

Da ɗalibar ta faɗi abin a haka, da hujjarta ta fi ƙarfi, domin da ta nuna ainihin ƙofofin da ake shigar da mace bauta ta cikinsu, wato aure da jikinta da aikin cikin gida, wuraren da idon hukuma bai cika kaiwa ba. Da ta kumbura adadin kuwa, ta ba duk mai son musa maganar makami a hannu, tunda ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da wani ya gano kuskure ɗaya zai haɗa har da labarin yarinyar bakin famfo ya yi watsi da shi.

Duk da haka ban ce a miƙa wa ta biyun kofi ba. Gasar jawabi ce, ba ta rubutun rahoto ba, kuma malaman balaga sun ce balaga ita ce magana ta dace da halin da ake ciki. Wadda ta bar zaure yana hira ba ta isar da saƙo ba, ko da kowace kalma tata gaskiya ce.

Wani ɗan Birnin Ƙonni ya amsa:

Malama, gaisuwa daga Nijar. Na yarda da abin da Baba na Zariya ya faɗa a kan alƙaluma, amma abin da ya fi damuna shi ne jimlar da ɗalibar ta rufe da ita, domin a wurinmu kalmar baiwa ba kwatance ba ce. A Hausa kalmar bauta tana da faɗi, muna cewa bautar Allah, ku a Najeriya kuna cewa bautar ƙasa, iyayenmu kuma suna yi wa amarya nasiha cewa aure bauta ne. Mai jawabi a kan bautar zamani wajibi ne ya fayyace wacce yake nufi, kuma alƙali ya ba da maki a kan wannan fayyacewar. Ma'anar da duniya ta amince da ita tun yarjejeniyar 1926 ita ce a yi iko da mutum irin ikon da ake yi da abin mallaka.

Misalin da ya kamata kowane ɗalibi a ƙasar Hausa ya sani a yankinmu ya faru. A shekarar 1996 aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a kan sefa 240,000, wato jikka 240 a lissafinmu, ga wani mutum da ya riga ya cika mata huɗu. Irin wannan ake kira wahaya, ko mata ta biyar: ba a ɗaura mata aure, ba ta da sadaki, ita ce mai aikin gida da na gona, kuma maigidan yana kwana da ita. A rahotannin Turawa za ku ga an rubuta cewa an mai da ita sadaka, na kuma taɓa jin wani mai jawabi ya fassara shi da cewa kyauta aka bayar da ita saboda Allah, alhali kalmar sa-ɗaka ce, wato ƙwarƙwara. Harafi ɗaya ya sauya masa labarin gaba ɗaya.

Nijar ta mai da bauta laifi a dokarta a 2003. A 2005 mutumin ya ba Hadijatou takardar 'yanci, amma ya ƙi barinta ta tafi, yana cewa matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata hukuncin ɗaurin wata shida bisa laifin yin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria, wadda sunanta ke nufin 'yan'uwantaka a harshen Buzaye, ita da wasu ƙungiyoyi suka tsaya mata har gaban kotun CEDEAO, wadda kuke kira ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta yanke hukunci a Yamai cewa ƙasar Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Mai jawabi na gaskiya zai ƙara da cewa ba duk abin da ta nema ta samu ba, domin kotun ba ta ɗora wa gwamnati alhakin wariyar da aka nuna mata ba, ta ce aikin wanda ya saye ta ne.

Idan aka kira kowace matar aure marar sana'a baiwa, da wane suna za a kira Hadijatou? Hana mace neman na kanta, ko hana ta gado, ko cire ta daga makaranta zalunci ne da ya cancanci jawabi na kansa, kuma shi ne sau da yawa yake share wa bauta hanya. Amma cakuɗa su yana ɓata wa matan auren da ke zauren rai, yana kuma rage wa wadda aka saya da kuɗi nauyin abin da ya same ta. A takardar makinku ina ganin ya dace a tambaya ko ɗalibi ya nuna alaƙar abubuwan biyu ba tare da ya mai da su abu ɗaya ba.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a daga Katsina ta amsa:

Yaya Malama, sannu da ƙoƙari. Ina girmama abin da Baba da ɗan'uwanmu na Ƙonni suka kawo, amma ina tsoron kada a tsananta wa yarinyar nan fiye da kima. Kuskuren adadi malami zai gyara shi a zama ɗaya, amma idon da ya ga 'yar aikatau a bakin famfo, alhali manya suna wuce ta kullum ba su gan ta ba, ba a aji ake koyar da shi ba. Na saurari jawabai da yawa a kan wannan batu, kuma mafi yawansu suna tafiya can nesa ne, zuwa bidiyon gwanjon mutane a Libiya da tashar CNN ta nuna a 2017, ko 'yan matan jihar Edo da ake kaiwa Italiya, ko masu aikatau a ƙasashen Larabawa da ake karɓe wa fasfo. Duk waɗannan gaskiya ne, sai dai suna ba mai sauraro damar yin kuka ya koma gida ba tare da ya binciki kansa ba. Wannan ɗalibar ta kawo maganar cikin layinsu, kuma ina da yaƙinin cewa a cikin matan da suka share hawaye akwai waɗanda suka baro irin wannan yarinya a gida tana wanke-wanke.

A nan ne nake ganin jawabin ya gaza, kuma wannan gazawar ta fi ta alƙaluma girma. Bayan ta sa su kuka, me ta ce su yi? Ba ta gaya musu cewa dokar yaƙi da fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ba ta ce su tambayi kansu hannun wa kuɗin aikin yake shiga a ƙarshen wata ba, alhali a aikina na sha zama da yarinyar da ta yi shekara biyu a gidan mutane ba ta taɓa riƙe ko naira ɗaya daga ladanta ba, dillaliya ce ke karɓa ta cire nata, ta aika wa uwa sauran a ƙauye da sunan tarin kayan ɗaki. Ba ta kuma yi magana da harshen da zauren ya fi jin nauyinsa ba, alhali a cikin Sahihul Bukhari akwai hadisin mutum uku da Allah zai yi jayayya da su ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya sayar da ɗa, wato mutum mai 'yanci, ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ci moriyar aikinsa ya hana shi lada. A cikin littafin kuma akwai labarin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Mutanen da za su ce wannan maganar Turawa ce ba su da abin cewa a gaban waɗannan.

Akwai kuma abin da nake roƙon ki duba da kyau. Shin ɗalibar ta ambaci sunan yarinyar, ko ta kwatanta gidan yadda za a gane shi? Idan ta yi, to akwai yiwuwar a daren nan yarinyar ce ta sha duka, ko kuma an mayar da ita ƙauye washegari an kawo wata. Ni da zan rubuta takardar maki, da na ware gurbi na musamman don kiyaye mutuncin wanda ake ba da labarinsa da lafiyarsa.

Malama daga Kano ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙanwata ta Katsina, tambayarki ta ƙarshe ta tayar mini da hankali, domin ɗalibar ba ta faɗi suna ba, amma ta ambaci unguwar da launin ƙofar gidan, kuma babu ɗaya daga cikinmu alƙalan da ya lura. Na kira malaminta yau da safe, ya yi alkawarin zai sa mahaifiyar ɗalibar ta leƙa gidan cikin hikima ta ga halin da yarinyar ke ciki.

Mun zauna da sauran alƙalan biyu, mun amince cewa kowane ɗalibi zai miƙa mana tushen alƙalumansa kwana uku kafin gasa, mun kuma ƙara gurbin fayyace ma'anar kalma, da na abin da jawabi ya nemi mai sauraro ya aikata, da na kiyaye sirrin wanda aka ba da labarinsa. A kan makin tasiri ne ba mu daidaita ba, domin ɗaya daga cikinmu yana son a rage shi zuwa rabi, ni kuma bayan karanta amsar Baba ina ganin a bar shi yadda yake. Ɗaliban biyu duka sun tsallake zuwa zagaye na gaba, kuma na nemi izinin makarantunsu su zauna tare ranar Asabar, kowace ta saurari jawabin 'yar'uwarta ta gaya mata abin da ta ji.