Wace kalma za mu ba "placebo"?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan gwajin allurar shan inna ta Jonas Salk a Amurka, 1954, wanda 'yan firamare kusan miliyan 1.8 suka shiga. Kalmar placebo ta tsaya mini. A taimaka don Allah.

Malamar jinya: Wa alaikumus salam. A wasu yankuna, yara kimanin 200,000 aka yi wa rigakafin, wasu kimanin 200,000 kuma aka yi musu allurar ruwan da babu maganin rigakafin a cikinsa. Launi ɗaya, kwalba iri ɗaya, sai lambar sirri a jiki. Likita bai san wacce ya ɗura ba, iyaye ma haka. Aikin allurar ruwan a gwada ta da ta rigakafin ne, don haka na ce "allurar kwatanci".

Ɗan jarida: "Allurar bogi" kowa zai gane nan take.

Malamar jinya: A'a, ɗan'uwa. Bogi cuta ce, su kuwa iyayen nan hannu suka sa a takarda kafin a taɓa 'ya'yansu. Ka tuna an dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 saboda zargi. Ka haɗa "bogi" da "rigakafi" a rediyo, shi kaɗai uwa za ta riƙe.

Malamin Hausa: Ga "holoƙo": hadari ya haɗu, babu ruwa. Allurar holoƙo.

Mai harhaɗa magani: A asibiti "filasibo" muke cewa, Malam.

Malamin Hausa: Abin da ke kashe harshe ke nan! Muna da tamu, sai mu tafi aro?

Mai harhaɗa magani: "Asibiti" da "likita" ma aro ne. Kuma holoƙo na nufin aikin banza, alhali da yaran nan aka auna sakamakon da Thomas Francis, wanda ya jagoranci tantance gwajin, ya sanar ran 12 ga Afrilu, 1955.

Malamin Hausa: Kwatanci bai nuna babu magani a ciki ba.

Mai shirin rediyo: Karon farko zan ce "allurar kwatanci, wadda babu magani a cikinta", daga nan in taƙaita. Na gode.

Malamin Hausa: Ta yi tsawo. A bar ta zuwa gobe, amma ban janye holoƙo ba.