Kaka a ƙauye: kiɗa, kayan hannu da masu sayen kayan da

Ɗan Mai Wurno

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ruwa ya ɗauke, zafin darat, wato zafin bayan damina, ya sauka, an shiga yankan riɗi, dawa kuma ta sunkuyar da kai. Duk damina laka ta rufe hanyoyin ƙauye, mota ba ta shiga. Yanzu ƙasa ta bushe, kowa ya samu hanya: makaɗa, masu tallan faifai da tukwane, 'yan ɗaurin auren da aka ɗage sai bayan girbi. A cikinsu har da masu bin gida-gida suna tambayar ko akwai tsohon kaya.

Mu nan kun san asalinmu. Kakanninmu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin kogi kudu da Sinnar, a nan ƙasar Sudan. A gidanmu akwai Alƙur'ani rubutun hannu a gafakarsa da takobi guda, duka da su aka yi hijira. Wani dillali ya matsa wa Kawuna lamba a kansu, Kawu kuma bashin shail na wuyansa, wanda ya ci tun shuka da alkawarin biya da hatsi. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a kakar garinsu: me ake kaɗawa, me ake saƙawa, kuma yaya kuka ƙare da waɗannan mutane?

Inna ta Gadarif

Wa alaikumus salam ɗana. Mu a nan riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, sai ya tsage ya zube a ƙasa, shi ya sa makonnin farko ba ka jin kiɗa, sai ƙarar lauje har cikin dare. Sai an jingine dammuna sun bushe, an kakkaɓe, an kai kasuwar amfanin gona ta Gadarif, sannan gari ke buɗe baki.

Bikin da na je na ƙarshe, 'yan matanmu gangar dalluka suka ɗauko irin ta maƙwabtanmu Larabawa, kuma sun iya, ba laifi. Da dare ya raba muka ce su matsa. Aka cika babbar ƙwarya da ruwa, aka kife ƙarama a kai, wata tsohuwa da ko tafiya sai an riƙe ta ta zauna ta fara bugawa da ludayi. Wallahi har mazan da ke shan jabana, wato gahawa, a waje sun yi tsit. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta fara karyewa, su ne suka fi kowa amshi.

Kayan da kuwa, mu mata ta hanyar musaya ake cin mu. Mai kaya zai zo da robobi da tukwanen alminiyam masu ƙyalli daidai lokacin da uwa ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ya ba da sababbi, ya karɓi tasar tagulla, akushi, tsakiya, munduwar azurfa. Kishiyar mahaifiyata haka ta rabu da jeren ƙoren da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi. Guda ɗaya ta tsira a hannuna, don ta taɓa tsagewa an ɗinke ta da zare, dillalin ya raina ta. Bakinta ya yi santsi saboda hannun mata uku da suka dama fura a ciki.

Faifai dai har gobe muna saƙawa da kabar goriba, mu rina ja da kore da shuni. Kaka ce kasuwarsa, don kowace amarya sai an jera mata.

Maƙerin azurfa, Kasala

Inna, Allah ya ƙara lafiya. Tunda kin ambaci azurfa bari in sa baki, sana'ata ce tun ina yaro a Madani, yaƙi ne ya maido ni Kasala.

Abin da aka fi kawo mini bayan girbi shi ne babban riyal ɗin nan mai hoton mace, na Mariya Tareza. Kowa sai ya nuna mini 1780 da ke jiki, ya ce ya haura shekara ɗari biyu. Ba lallai ba ne. Ita sarauniyar ta Ostiriya a 1780 ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a canza ba, har a London da Bombay da Roma an buga shi. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufansa. Abin da za ka riƙe shi ne nauyi: giram 28 ne, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. A auna a gabanka, ka tambayi farashin giram na ranar a wurin maƙeri biyu. Duk wanda ya taya ƙasa da kuɗin azurfar da ke ciki, cutarka zai yi. In an huda shi ko an liƙa masa kunne don rataya, dillali zai ce ya lalace. Ni a wurina wannan hujin shi ne shaidar cewa wata uwa ta rataya shi a wuya ta ratso Chadi da Darfur a ƙafa.

Ɗan Mai Wurno, batun takobi. A nan Kasala har yau ana ƙera takubba, kuma maƙera sun daɗe da iya kwaikwayon tambarin ruwan takobin Jamus da ake shigowa da shi a ƙarni na 19. Tambari kaɗai ba hujja ba ne, ko na tsufa ko na sabunta. Kada ku goge shi da yashi ko takardar goge ƙarfe, kada ku sake masa kube. Ɗan mai kaɗan a tsumma ya isa.

Malamin allo, wajen Sinja

Ɗana, ka gaida Kawunka, ka ce masa in har sai an sayar da ɗaya, to kada ya zama Alƙur'anin.

Na ga yadda ake yi. Namu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne tsakanin bango biyu, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka. Wani mai saye ya zo gidan maƙwabcina, ya ce shi ba duka yake so ba, ganye huɗu kawai masu zayyana, wato wuraren da aka ƙawata da ja da rawaya a farkon kowane rubu'i. Suka ga ai ganye huɗu ba wani abu ba ne. Yanzu ga littafi nan a gida da giɓi, ba a iya sauka da shi, ba kuma mai iya mayar da hannun wanda ya rubuta.

In kana so ka san abin da ke hannunku, ɗaga warƙa ɗaya saitin rana da safe. Da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Takardar Italiya ce, wadda fatake ke kawowa ta Masar da Tarabulus. Ka duba rubutun kuma: fa'un ɗigonsa a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, riwayar Warshu, alhali khalwowin nan, wato makarantun allo, galibi riwayar Duri suke karantawa. Sannan ka je shafin ƙarshe, sau da yawa marubuci kan sa sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da garinsu. Zai yiwu sunan kakanku ne.

Yanzu ne lokacin fito da shi, tunda danshi ya tafi. A shimfiɗa a inuwa, a kaɗe ƙura da gashin kaza, a duba ko gara ta taɓa. Kada a sa a leda, gumi yake yi. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya bi da bi, ka tura wa dangi biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam.

Mu ma muna da namu bikin a kaka: yaran da suka kai sauka ana yi wa allonsu zayyana, su zaga dangi, a ba su zakkar sabon hatsi.

Masunci daga Rusairis

Ni kiɗan maƙwabta zan ba ku labari, don wanda bai taɓa jin waza ba, bai gama jin kakar wannan ƙasa ba. Mutanen Barta da wasu ƙabilun kudancin jihar Nil Azrak suna da bikin girbi da ake kira Jada'un Nar. A al'adarsu ba a taɓa sabon amfani sai an yi shi. Wani abokin kamun kifina ya gayyace ni ƙauyensu, na je na tsaya a gefe a matsayin baƙo.

Waza ƙaho ne da ake haɗawa da duma, a yanke gindi da kai, a zura wannan cikin wancan har ya yi tsawo. Ƙaramin bai fi kamu ɗaya ba, babban ya kusa tsayin mutum. Masu busa sun kai goma ko fi, kuma kowane ƙaho murya ɗaya tak yake fitarwa. Wannan ya busa tasa ya yi shiru, na kusa da shi ya ɗora, haka waƙar ke fitowa daga bakin mutum goma kamar mutum ɗaya ke rera ta. Suna busa suna zagayawa, mata na amshi, ƙura na tashi. Babban in ya yi gurnani a ƙirji kake jinsa. In mutum ɗaya ya yi kuskure duk waƙar ta rushe, shi ya sa tun ana saura kwanaki suke gwaji da yamma.

Kayan da kuma, mu namu ba dillali ne ya fara cinye su ba. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsayi, aka buɗe a 2013, ruwa ya hau, aka kwashe ƙauyuka da dama zuwa sababbin matsugunai. A wajen kwashe kaya kowa abin amfanin yau ya ɗauka. Tsofaffin randuna, turame, gangunan gayya da fatarsu ta mutu, da yawa a can aka bar su.

Gwaggo mai gudun hijira

Ina karanta ku duka, kuma gaskiya kuka faɗa. Amma ina roƙo kada a ɗora wa wanda ya sayar laifi. Da yaƙi ya shiga Madani a Disambar 2023 muka fito daga ƙauyenmu na Jazira da abin da ke jikinmu. Awarwaron azurfar mahaifiyata da murjaninta su suka biya mana mota, su suka sayi maganin jikana. Don irin wannan rana iyayenmu suke tara azurfa tun asali. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wanda ya saya ya ga halin da muke ciki, ya karya farashi yadda ya ga dama. Ɗan Mai Wurno, in bashi ne ya ƙure Kawunka, ku tara dangi tukuna. Wanda ke Saudiyya ko Port Sudan ya fanshi kayan da kuɗinsa, a biya bashin, kayan su tsaya a cikin zuri'a.

Malamar tarihi, Sinnar

Gwaggo, Allah ya mayar da alheri, shawararki ita ce mafita. Zan ƙara abu ɗaya da ya sha bamban da gadon gida, wato abin da ake tsinta a ƙasa.

Bayan ruwa ya wanke ƙasa, ɗalibaina kan kawo mini fasassun tukwane masu zane da kan lofe na yumɓu daga kufan tsohuwar Sinnar, babban birnin daular Funj, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821. Ta wajen Jabal Moya, inda wani Bature mai suna Henry Wellcome ya yi tono tsakanin 1910 da 1914, makiyaya na tsintar duwatsun ado. Masu saye sun san haka, sukan ba yara ɗan abin alewa su ce a ƙaro. Dokar kayan tarihi ta 1999 ta ɗauki abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, kuma ba a fitar da shi daga ƙasa sai da izini. Ga shi an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum a wannan yaƙi, har UNESCO ta yi kira a Satumbar 2024 cewa kada kowa ya sayi kayan tarihin Sudan. Wanda ke yawo da jaka a ƙauye yau, ba ka san da me zai haɗa kayanka ba, ba ka san iyakar da zai tsallaka da su ba. Ni abin da yara suka kawo nakan rubuta inda aka tsinta da ranar, in adana a akwati a makaranta.

Mai kalangu

Gaisuwa ga manya. Ni kaka ce shekarata, abin da na samu daga yankan riɗi zuwa shigowar sanyi shi nake ci har wata kakar. Da, daga gangar noma a wurin gayya muke farawa, mu bi masussuka, mu ƙare a gidan biki da dandalin kokawa, masu agashe, wato tsire, na gefe suna hura wuta. Yanzu injin girbi ya rage gayya, a biki kuma mai ogan da lasifika ake fara kira, mu sai in za a raka ango ko a yi wa dattawa kirari. Duk da haka in na matse tsarkiya na kira sunan kakan mutum da garin da ya baro, Hadeja ko Katagum ko Sakkwato, sai ka ga dattijo ya miƙe tsaye. A ƙasar nan ma ai 'yar Hausa ce, A'isha Falatiya ta Kasala, ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a rediyon Umdurman.

Ni ma an taya kalangun mahaifina, wai za a rataye shi a bango don ado. Na ce ina aiki da shi. Damuwata ita ce mai sassaƙa icen kalangu a yankinmu ya rasu, fata da tsarkiya ina iya sakewa da hannuna, ice ne ban iya ba. Yara biyu nake koya wa, kuma kalangu ɗaya muke karɓa-karɓa. Baba Masunci, ku da kuke kusa da daji, in akwai masassaƙin da ya san aikin a wajen Damazin ko Rusairis, a haɗa ni da shi kafin bukukuwa su yi nisa. Zan aiko da awon tsawo da na faɗin baki.