Sadakar attajiri ta isa ta tsaya a madadin haraji?

Mai Riɗi, Gadarif:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu ilimi, don abin ya hana ni sukuni. Bana na bi motar riɗina da kaina daga Gadarif zuwa Port Sudan ta hanyar Kassala. Zakka na fitar tun kafin a ɗinke buhuna, wannan haƙƙin Allah ne, ba na kuka da shi. Na biya kuɗin kasuwa. Amma a hanya an tsayar da mu sau huɗu, kowane shinge da takardarsa da hatiminsa. A na ƙarshe direba ya kashe mota, muka zauna a inuwar taya tun azahar har la'asar, ina ta lissafi a bayan kwalin shayi, sai na ga kuɗin 'yan yankan da na biya a Oktoba da ƙyar zai dawo. Riɗin nan fa shi ke shigo wa ƙasarmu Sudan da dala.

A unguwarmu kuma akwai wani Alhaji mai shigo da fulawa da sukari. Tun da mutanen Wad Madani suka gudo mana saboda yaƙi a Disambar 2023 tukunyarsa ba ta sauka daga murhu ba, Allah Ya saka masa. Jiya a majalisa wani ya ce irin su bai kamata a tambaye su haraji ba, sadakarsu ta wadatar. Haka ne? Kuma giɓin nan da ake cewa muna sayowa daga waje fiye da abin da muke sayarwa, wa zai cike shi in ana tatsar mai fitarwa?

Malamin Maiwurno:

Wa alaikumus salam, ɗana. A raba abu uku. Zakka farilla ce, amfanin gonar damina ana fitar da ɗaya cikin 10, na ban-ruwa ɗaya cikin 20, kuma masu cin ta kashi takwas ne, an lissafa su a aya ta 60 ta Suratut Tauba. A nan Sudan hukuma ce ke karɓarta ta hannun Diwanin Zakka. Sadaka kuwa ganin dama ce, yau mutum ya yi, gobe kasuwa ta juya masa baya ya daina, ba mai kai shi ƙara. Haraji shi ne na hanya da asibiti da albashin malamin makaranta. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, amma hakan bai sa aka rufe baitulmali ba. Ku yi wa Alhajinku addu'a, ya kuma biya abin da ke kansa.

Ɗan Jidda:

Allah Ya gafarta Malam, na yarda da kai, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. A nan Saudiyya ba a cire harajin albashi, sai dai kowa na biya a bakin kanti. An fara VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, da kashi 5 a Janairun 2018, aka mai da shi 15 a Yulin 2020. Ni da nake tuƙi da mai gidan da nake tuƙawa haraji iri ɗaya muke biya a kan kwalbar man girki, kai ka san wanda abin ya fi yi wa ciwo. Ga kuɗin iyali da baƙo ke biya, ya kai riyal 400 a wata kan kowane mutum ɗaya, shi ya sa na mai da yarana gida kafin yaƙi. Duk da haka ina ganin titi da wuta da ruwa. Kuma a ƙasar nan ne Sulaiman Al-Rajhi ya mai da babban kaso na dukiyarsa waƙafi, ba a ce don haka a daina karɓar haraji ba. Su man fetur ya rufa musu asiri, suna sayarwa fiye da yadda suke saye. Mu namu ya tafi.

Uwar Ɗalibai, Kassala:

Yayana mai riɗi, shekara 22 na yi ina koyarwa, kuma na tsaya a layin takiyya, inda ake raba dafaffen abinci sadaka, da roba a hannuna lokacin da albashi ya yanke, don haka ba zan raina mai ciyarwa ba. Amma tukunya ba ta cike giɓin ciniki. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man da muke haƙowa, daga nan dala ta yi wuya. Alkamar burodinmu yawancinta daga waje take, kuma tsadar burodin ce ta fito da mutanen Atbara kan titi a Disambar 2018. Muna da masana'antun sukari na Kenana da Ginaid da Asalaya, muna kuma sayo sukari. Zinariya ita ce babbar hajarmu yanzu, amma mai yawa tana fita ta bayan fage, baitulmali bai gan ta ba. Harajin da ake tarawa tun kafin yaƙi bai kai kashi 10 cikin 100 na arzikin ƙasa ba. Wato ba a rasa inda za a karɓa ba ne, an bar jaki ana dukan taiki, domin buhunka ana ganinsa a kan mota, zinariya kuwa aljihu ya ishe ta.

In ni ce, a haɗa kuɗin shingayen nan a karɓa sau ɗaya da rasit ɗaya, a sauƙaƙa wa mai fitarwa, a ɗora nauyin kan zinariya da filaye da manyan ribobi. Attajiri mai son lada kuma ya kafa injin matse riɗi da gyaɗa, ya ɗauki yaran da ke layin takiyyarsa aiki. Ƙaro ma haka, mun fi kowace ƙasa samar da shi, amma yawanci ɗanyensa muke turawa, a tace a Faransa a ci ribar.

Mai Riɗi, Gadarif:

Na gode Malam, na gode ɗan'uwa na Jidda, Allah Ya haɗa ka da iyalinka. Hajiya, maganar injin nan ta shige ni. Mahaifina da raƙumi yake matse mai, an rufe masa ido yana zagaya turmi, mu kuma muna jiran tunkuza mu kai wa awaki. Ni ga shi na girma ina loda riɗin ɗanye zuwa bakin teku, sannan in sayo wa yarana halawar da aka yi da irinsa a wata ƙasa. Ranar Juma'a bayan an sauko zan sami Alhaji da rasit ɗina guda huɗu a hannu, in tambaye shi ko zai shiga da mu, mu manoma shida, a sayi injin ko da ƙarami ne. Wanda ya san kuɗinsa da abin da kwastan ke karɓa a kansa, don Allah ya rubuto min kafin ranar.