Yini ɗaya a Kano: Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa?

Baƙo daga Damagaram:

Assalamu alaikum, jama'a. Zan zo Kano ɗaurin auren ɗan'uwana, kuma yini ɗaya ne zai rage mini bayan an watse. Ina so in kai 'ya'yana gidan adana kayan tarihi domin su ga tarihin birnin da sana'o'insa da idonsu. Wasu sun ce mini Gidan Makama, wasu kuma sun ce Gidan Ɗan Hausa. Wanne ya fi dacewa da baƙon da lokacinsa ya ƙure?

Tsohon malamin makaranta:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kawo ku lafiya. Shawarata ita ce ku fara da Gidan Makama, wanda yake kusa da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki. An gina shi a ƙarni na 15, kuma a nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gadon sarauta a 1463, ya yi mulki har 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun mayar da gidan ofishinsu, daga baya wani sashe ya zama makaranta, ragowar kuma yanzu tana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya.

Ɗakunan suna bin tarihi daki-daki, tun daga mutanen Dutsen Dala da zuwan Bagauda, har zamanin jihadi da mulkin mallaka. Za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da sulke da lifidi, da ɗakin amarya da jerensa. Amma abin da nake roƙon baƙi kullum shi ne su riƙa ɗaga kai sama. Yawancin masu ziyara suna zuba ido kan kayan da aka ajiye, su fita ba su lura da azara da bakan gizon da ke riƙe da rufin ba, ko kaurin katangar ƙasa da ke sa zaure ya yi sanyi da tsakar rana. A ganina ginin ya fi duk abin da ke cikinsa daraja, domin aikin magina ne da har yau ake gyara shi da irin ƙasar da aka fara gina shi da ita.

Hajiya daga Fagge:

Na yarda da Malam, sai dai tunda ka ambaci sana'o'i, kada ka tsaya a nan kaɗai. Marinar Ƙofar Mata ba ta da nisa, kuma a can yara za su ga marina suna tsoma yadi a baba, abin da ya fi kallon rinanniyar riga a rataye. Gidan Ɗan Hausa yana Nasarawa, wajen ganuwa. Gidan Hanns Vischer ne, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Yana da kyau ƙwarai, amma idan lokaci ya ƙure, shi zan bari sai wani zuwan.

Mazaunin cikin gari:

Yallaɓai, ku je da hantsi kafin rana ta take, kuma idan yinin ya faɗo ranar Juma'a ku fito da wuri, saboda hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci suna cika tun kafin azahar. Ku nemi ma'aikacin gidan ya zagaya da ku, domin bayanin baki ya fi rubutun da ke jikin bango amfani ga yara. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma a ja wa yara kunne kada su taɓa kayan ko su jingina da bango.

Baƙo daga Damagaram:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya da ɗan'uwa. Ɗaurin auren ranar Asabar ne, don haka Juma'a ba za ta shafe mu ba. Za mu fara da Gidan Makama da safe, mu wuce Ƙofar Mata kafin la'asar, in sha Allahu.