Nijar ta fita daga ECOWAS: ina matsayin yaran shagona a dokar shige da fice?

Ɗan Tudun Hatsi:

Assalamu alaikum. Masana doka a taimaka. Ina sayar da hatsi a Tudun Hatsi, nan Gombe, kuma ina da yara biyu 'yan Damagaram ta Nijar, ɗaya mai gadin sito, ɗaya mai lodi. Babban ya shekara shida a nan, ya auri 'yar Kumo, har sun haifi biyu. Surutu ya yi yawa a kasuwa. Wasu na cewa tunda Nijar ta fita daga ECOWAS sai sun nemi biza, wasu na cewa akwai tarar dala 15 kullum, wasu kuma wai an yi dokar katange iyaka. Wanne ne doka, wanne ne ji-ta-ji-ta? Ni kuma da na ɗauke su aiki, akwai abin da ya hau kaina?

Barista Jekadafari:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganganu uku aka cakuɗa maka, ɗaya ce kawai ta shafi yaranka kai tsaye.

Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, sai ƙa'idojin aiwatar da ita na 2017. Tsarin mulkin 1999 ya sa shige da fice, fasfo, biza da tasa ƙeyar baƙo cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Majalisar jiha ba ta da hurumi, balle ƙaramar hukuma ko ƙungiyar kasuwa. Duk wanda ya zo rumfa yana karɓar "kuɗin baƙo" da sunan ƙaramar hukuma, ba shi da madogara.

Shigowa ba biza ta samo asali ne daga yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, kuma kwana 90 ta bayar. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A wannan ranar ce ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su bar su su shiga, su zauna, su yi sana'a ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Saboda haka mai cewa sai biza bai faɗi daidai ba. Sai dai ka lura da abin da ya canza: da haƙƙi ne da yarjejeniya ta ba su, yanzu rangwame ne da sanarwa ɗaya za ta iya janyewa.

Inda matsalar yaranka take shi ne kwana 90 ɗin nan. Na ziyara ne. Wanda zai wuce haka, ko zai kama aiki, sai ya yi rajista da Hukumar Shige da Fice ya karɓi katin zama na 'yan ECOWAS. Shekara shida ba katin nan zama ne ba bisa ƙa'ida ba, ko da Nijar ba ta fita ba. Yawancin mutanenmu ba su san haka ba, domin Hausa ɗaya muke yi, masallaci ɗaya muke bi, ba wanda ke kallon Badamagare a matsayin baƙo. Doka kuwa takarda take kallo.

Tarar dala 15 gaskiya ce, amma cikin sabon tsarin biza na 2025 ta zo, wanda ya fara ranar 1 ga Mayu tare da neman biza ta intanet. An sanar da ita ne a kan wanda ya shigo da biza wa'adinta ya ƙare bai fita ba, kuma wanda ya daɗe sosai ana hana shi dawowa na shekaru. Yaranka ba da biza suka shigo ba.

Malam Bakin Kura, Bauchi:

Barista ya yi bayani. Bari in ƙara yadda ake neman katin, don a nan ake tuntuɓe.

Abu na farko takardar tafiya mai rai: fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS. Mafi yawan masu zuwa ci-rani katin ɗan ƙasa kawai suke riƙe da shi, wasu ma ya mutu tun tuni. Na biyu hatimin shigowa, wanda ake bugawa a mashigar da gwamnati ta amince da ita, irin Maigatari, Kwangwalam, Jibiya ko Illela. Wanda ya biyo ɓarauniyar hanya a kan babur ba shi da hatimi, kuma ba hatimi ba yadda jami'i zai ƙirga kwana 90. Fayil da yawa a nan suke tsayawa cik.

Na uku wasiƙarka, Alhaji, zuwa ga Kwanturolan Imigireshin na jiha. Ka faɗi sunan yaron kamar yadda yake a fasfonsa, aikin da yake yi, inda yake kwana, sannan ka ce ka ɗauki alhakinsa na shige da fice. Kada ka ɗauki jimlar nan da wasa. Ma'anarta idan aka ce a mayar da shi gida, kuɗin mota a wuyanka yake, kuma in ya bar aikinka sai ka rubuta ka sanar, in ba haka ba sunanka na nan a fayil ɗinsa duk inda ya shiga. Sai hotunan fasfo, cika fom, da ɗaukar hoton yatsu. Kuɗin a banki ko ta intanet ake biya a karɓi rasit, ba a hannun mutum ba.

A kula da rubutun suna. Takardun Nijar da rubutun Faransanci suke: Ousmane a maimakon Usman, Issoufou a maimakon Yusufu. In ka rubuta irin namu a wasiƙa alhali fasfo ya nuna wancan, kwamfuta mutum biyu za ta gani. A kwafo harafi da harafi.

Wanda ba shi da fasfo ko hatimi, hanya mafi tsabta ita ce ya tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano, ko ya je gida ya yi takardunsa, ya dawo ta bakin iyaka a buga masa, sannan ku nemi katin kafin kwana 90 su cika. Gara asarar sati biyu a kan a tsince shi a shingen hanya.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Kada kowa ya ba ka shawarar a yi masa takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma don a huta. Wannan ya tashi daga rashin takarda ya koma ƙarya ga hukuma, kuma zai jawo mai unguwa da dagacin da suka sa hannu. Lambar NIN ma ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya samunta, amma a matsayinsa na baƙo.

Ɗan Tudun Hatsi:

Allah ya saka da alheri. To auren fa, Barista? Na ɗauka wanda ya auri 'yar ƙasa ya zama na gida. 'Ya'yan kuma 'yan ina ne?

Barista Jekadafari:

'Ya'yan 'yan Najeriya ne ta haihuwa. Sashe na 25 na tsarin mulki ya ce wanda aka haifa a nan, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Uwa ta wadatar. A yi musu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yanzu, a ajiye tare da takardun uwar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankinmu. A 1980 an tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, zuwa Chadi da cewa baƙo ne, sai da kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne ta wajen mahaifiyarsa.

Uban kuwa aure bai canza masa komai ba. Sashe na 26 ya ba macen da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta rajista, bai ba mijin 'yar Najeriya ba. An kai ƙudirin gyara wannan, Majalisar Tarayya ta kayar da shi a ƙuri'ar gyaran tsarin mulki ta Maris 2022. A ganina an yi kuskure, domin matan Katsina, Jigawa da Yobe masu aure a tsallaken iyaka su suka fi kowa cutuwa. Abin da ya rage masa shi ne sashe na 27: zaman shekara 15, kyakkyawan hali, da shaidar gwamnan jiha cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. Shekarun da zai iya kafa hujja da su kuwa su ne waɗanda takarda ta nuna, wani dalilin ke nan na yin katin da wuri.

Katanga ba doka ba ce. Janar Christopher Musa ne ya ba da shawarar a watan Yunin 2025, lokacin yana Babban Hafsan Tsaro. Kafin magana ta zama doka sai ta zama ƙudiri, ta yi karatu na ɗaya da na biyu, kwamiti ya ji ra'ayin jama'a, ta yi karatu na uku a majalisun biyu, shugaban ƙasa ya sa hannu. In gyaran tsarin mulki ne, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa da amincewar majalisun jihohi 24. Idan ka ji rediyo ya ce ƙudiri ya tsallake karatu na biyu, tafiyar ko rabi ba ta yi ba.

Hajiya Mai Goro, Azare:

Barista, na yarda katanga ba doka ba ce, amma kada Alhaji ya saki jiki yana jiran Majalisa. Abin da ya fi taɓa 'yan kasuwa a shekarun nan ba ta Majalisa ya biyo ba. Rufe iyakoki na Agustan 2019 umarnin gwamnati ne, ya kai har Disambar 2020 kafin a buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a Nuwamban 2019, sanarwar Kwastam ce. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai an sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Duk a dare ɗaya ake wayar gari da su. Yaron da ya tafi gida yin fasfo zai iya maƙalewa a can, saboda haka a tura su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a tsakiyar kaka ba lokacin da lodi ya yi yawa.

Katangar kanta ban ga yadda za ta yiwu ba. Iyakarmu da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, akwai garuruwan da gida ke nan gona na can. Kuɗin da za a kashe gara a ƙara mashigai na hukuma kusa da kasuwanni, don mai son bin ƙa'ida ya samu inda za a buga masa hatimi ba sai ya yi zagaye ba.

Sai direbobin da ke ɗauko maka kaya, Alhaji. Dokar 2015 ta ware babi guda a kan fasa-ƙwaurin mutane: wanda ya karɓi kuɗi ya tsallakar da mutum ta haramtacciyar hanya yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 10. Yardar fasinjan ba ta wanke direba. Ka faɗa musu kada su ɗora kowa a kan buhuna daga bakin iyaka don ɗan na cefane. In kuma yara ƙanana ne ba iyayensu, maganar tana iya komawa hannun NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

Malam Bakin Kura, Bauchi:

Haka ne, Hajiya. Kuma katin yana da ranar ƙarewa a jikinsa, a sabunta kafin ta zo. Ka yi kwafi biyu na fasfo, shafin hatimi, katin da rasit, ɗaya a sito ɗaya a gidanka. Na ainihin ya zauna a hannun yaron, kada ka riƙe masa fasfo da sunan ajiya, domin riƙe takardun ma'aikaci na cikin alamomin da masu binciken fataucin mutane ke dubawa.